Tambarin Da Na Gani A Bakin Iyaka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa labarin abin da na gani.

Kwanan baya na tashi daga Bagudo, na haye Kogin Kwara, na bi ta Illo har Lolo, inda ƙasarmu ta ƙare, ta Benin ta soma. Da na ƙetara, sai na ga tambarin ƙasarsu a kan wata takardar hukuma. Garkuwa ce an raba ta huɗu: ga soron ƙabilar Somba, ga tauraro, ga itacen kwakwa, ga jirgin ruwa. Damisa biyu na riƙe da ita, a ƙasa an rubuta 'Yan'uwantaka, Adalci, Aiki, da Faransanci. An yi shi 1964, aka jingine shi 1975 zamanin Kereku, aka komo da shi 1990. Wani yaro ɗan makaranta ya zayyana mini sassansa duka, bai yi tuntuɓe ba.

Da na komo gida, sai na tambayi almajiraina ma'anar namu. Suka ce dawaki biyu da mikiya, daga nan shiru. Wallahi na ji kunya, don laifin nawa ne. Baƙar garkuwar nan albarkar ƙasarmu ce. Farar alamar nan mai reshe biyu kuwa Kwara ce da Binuwai, da suka haɗu a Lakwaja. Reshen nan na yamma daf da Lolo ya shigo Nijeriya. Ashe yaran nan suna wanka cikin tambarin ƙasarsu ba su sani ba!

A Jamus ko gari ma yana da nasa. Birnin Wisbadin, mai maɓuɓɓugan ruwan zafi, furanni uku ne masu ruwan zinariya a kan shuɗi. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan, gama tun kafin zuwan Turawa sarakunanmu suna da tuta da hatimi.

Saboda haka ina kira ga malamai 'yan'uwana, mu koya wa yara ma'anar abin da ke kan takardunsu. Wanda bai san alamar gidansu ba, yaya zai tsare mutuncinsa?

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Bagudo.