Inuwa a Bangon Ɗakin Inna

Ɗan'uwa mai karatu, in akwai tsoho ko majinyaci a gidanku wanda jinyarsa ta daɗe har ta fara gundurarka, to, da kai nake magana. Ba faɗa zan yi maka ba, gama laifin da zan ba ka labarinsa nawa ne. Na aikata shi kuwa da littafi a hannu, ina ganin kaina mai hikima.

Na yi shekaru ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Wurno. A daminar 2010, shekarar da Gulbin Rima ya yi ambaliya ya cinye gonaki da gidaje a ƙasar Goronyo da kewaye, na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu na kawo ta wurina. Mantuwa ce ta kama ta. Da fari takan manta inda ta ajiye ɗankwalinta, daga baya ta manta ko ta ci abinci, a ƙarshe ta manta da ni. Sai ta riƙa kirana da sunan ƙanenta wanda ya rasu tun ban yi wayo ba. Likita ya ce ciwo ne na tsufa, kuma ba ya warkewa.

Da dare in babu wuta, matata takan kunna mata fitilar ƙwai. Duk wanda ya gifta, sai inuwarsa ta faɗa a bango. Inna takan juya ga bangon ta gaishe da inuwar, ta tambaye ta lafiyar yara, ta ce a kawo mata tabarma. Mutumin da ke tsaye a bayanta kuwa ba ta ko waiwayarsa. Ranar da na fara ganin haka na fita tsakar gida, zuciyata ta yi nauyi kamar dutse, na ɗauko wani littafi da na karanta tun ina ɗalibi.

Littafin na Aflatun ne, wanda 'yan boko suka fi sani da Plato. Mutumin Atina ne ta ƙasar Helenawa, an haife shi wajen shekara ta 428 kafin haihuwar Almasihu, ya rasu wajen 348. Almajirin Sukurat ne, malamin da mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399, aka ba shi guba ya sha. Aflatun ya koyar da cewa duk abin da ido ke gani mai sauyawa ne, mai lalacewa, saboda haka ba shi ne ainihin gaskiya ba. A bayan kowane abu mai kyau akwai Kyau kansa wanda ba ya tsufa, a bayan kowane aikin adalci akwai Adalci kansa. Hankali ne kaɗai ke iya kaiwa gare su.

Ya buga wani misali da ya shahara a duniya. Ya ce ka ɗauka akwai mutane ɗaure a cikin kogo tun suna yara, fuskokinsu na kallon bango, ba su iya juyawa. A bayansu akwai wuta, ana wucewa da kayayyaki tsakaninsu da ita. Abin da suka sani a duniya shi ne inuwar da ke gilmawa a bango, har suna yi mata suna, suna gasar sanin wadda za ta biyo wata. In aka kwance ɗaya daga cikinsu aka fitar da shi, hasken rana zai kashe masa ido, sai a hankali zai gane cewa duk abin da ya sani dā inuwa ce.

Game da rai kuma, Aflatun ya ce ba ya mutuwa, yana nan tun kafin a haifi mutum, jiki kuwa kamar kurkuku yake gare shi. Ya ba da labarin ranar ƙarshe ta Sukurat: da abokinsa ya tambaye shi yadda za a binne shi, sai ya yi murmushi, ya nuna masa cewa abin da za su binne gangar jiki ce kawai, shi kansa zai riga ya tafi.

Ka ga yadda wannan magana ta zo mini daidai da abin da zuciyata ke nema. Na ce wa kaina Inna ta gaskiya, wadda ta koya mini addu'a, ta sayar da awakinta don kuɗin makarantata, ba ta cikin ɗakin nan. Abin da ya rage keji ne, tsuntsun yana jiran a buɗe masa. Tun daga ranar na rage shiga wurinta. Ina biyan kuɗin magani, ina yi mata addu'a a majami'a, har nakan roƙi Ubangiji ya gaggauta sakinta. Wanki da wanka da ba da abinci da kwana a farke, duk na bar wa matata, wadda ba ita Inna ta haifa ba. Ni kuwa ina ƙofar gida a kan benci, ina tunanin abubuwan da ba sa lalacewa.

Muna da maƙwabci, wani dattijo Musulmi, manomin tafarnuwa a fadama, wanda ya yi karatun littattafan Larabci mai zurfi. Wata yamma ya tsaya muka gaisa, ya tambaye ni abin da nake karantawa. Da na ambaci sunan marubucin, sai ya ce, "Aflatun? Ai ba baƙo ba ne a ƙasar nan." Na yi mamaki, gama na zaci sai a jami'a ake jin wannan suna.

Daga baya na bincika, na tarar gaskiya ya faɗa. A ƙarni na tara aka juya ilimin Helenawa da yawa zuwa Larabci a Bagadaza, cikin manyan masu fassarar kuwa har da wani likita Kirista, Hunainu ɗan Ishaƙu, wanda ya rasu a 873. Daga can ilimin ya bi malamai da alhazai har ƙasar Hausa. Da Bature Clapperton ya zo Sakkwato karo na biyu a 1826, ya ba Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin lissafi na Iklidis cikin Larabci, Bello ya gaya masa dā ma gidansu na da irinsa da aka kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Bellon nan shi ne ya mai da Wurno mazauninsa, a nan ya rasu a 1837, kabarinsa na cikin garin har yau. A Salame kuma, nan ƙasar Sakkwato, an yi Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya yi rubuce-rubuce yana auna maganganun masana falsafa. Ashe tambayar da ta dame ni, ko mene ne rai, ko mene ne jiki, an daɗe ana juya ta a bakin wannan gulbi.

Na bayyana wa dattijon misalin kogo da zancen kurkuku, har na kawo maganar Inna, ina jin daɗin yadda bayanin ke fita daga bakina. Ya saurara har na gama. Sa'an nan ya ce, "Malam, in tambaye ka. Shi Aflatun ɗin, da rai aka goya shi ko da baya?" Na yi shiru. Ya ce, "Bayan da ya goya ka yana cikin ɗakin can. Ni dai ban taɓa jin an yi wa rai tausa ba." Ya ɗauki sandarsa ya nufi masallaci.

A daren na koma ga littafin, ina neman abin da zan kāre kaina da shi, sai na ga wurin da na riƙa tsallakewa. Misalin kogo bai ƙare da fitowar mutumin nan zuwa hasken rana ba. Aflatun ya ce wajibi ne wanda ya ga haske ya sāke sauka cikin duhu wurin 'yan'uwansa, ko da za su yi masa dariya, ko da za su nemi ransa. Ashe ko malamin da na fake da shi bai ba ni izinin zama a kan benci ba. Na tsinci abin da ya yi mini daɗi a cikin koyarwarsa, na zubar da abin da zai sa ni wahala.

Kada ka ɗauka ina cewa Aflatun bai san kome ba. Ya yi gaskiya da ya ce abin da ido ke gani ba shi ne duka ba, da ya ce mutum ya fi cikinsa da aljihunsa, da ya ce gara a zalunce ka da ka yi zalunci. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya shaida cewa littattafan mabiyan Aflatun ne suka taimake shi ya daina zaton Allah wani abu ne mai jiki. Amma shi kansa ya ce akwai abin da bai samu a cikinsu ba, wato cewa Kalman Allah ya ɗauki jikin mutum ya zauna tare da mu.

A nan hanyarmu ta rabu da ta Atina. Buɗe Farawa sura ta 2, za ka ga ba a kama wani rai daga sama aka kulle shi cikin yumɓu ba. Allah ya siffata mutum da ƙasa, ya hura masa numfashi, haɗuwar biyun ita ce mutum. Dubi Ubangiji Yesu: ya ji yunwa, ya gaji, ya taɓa kuturu da hannunsa, ya wanke ƙafafun almajiransa. A kabarin Li'azaru bai yi wa Maryamu da Marta wa'azin cewa tsuntsu ya fita daga keji ba. Ya yi kuka, sa'an nan ya kira mamacin ya fito da jikinsa. Yana kan gicciye, cikin azaba, ya tuna da wanda zai ɗauki mahaifiyarsa zuwa gida ya kula da ita. Bayan tashinsa ya ci kifi a gaban almajirai, ya nuna wa Toma tabon ƙusoshi.

Sa'ad da Manzo Bulus ya tsaya a Tudun Arasa, a birnin Aflatun kansa, masanan Atina sun saurare shi har ya kai ga tashin matattu. A nan wasunsu suka yi masa ba'a, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura ta 17 ta nuna. Rai marar mutuwa ba sabon zance ba ne a kunnensu. Abin da ya gagare su shi ne a ce Allah yana son jikin nan, zai kuma tashe shi. Wannan kuwa shi ne begenmu, wanda Bulus ya shimfiɗa a Korantiyawa ta Fari sura ta 15, inda ya kwatanta jiki da iri da ake shukawa. Manomin fadama ba ya raina iri don ya ga ya bushe ya yanƙwane.

Washegari na shiga ɗakin Inna na zauna a ƙasa kusa da ita. Ba ta gane ni ba. Na ɗauki man kaɗanya na shafa mata a ƙafafu, na ga kaushin da shekarun zuwa gona da rijiya suka bari. Na yanke mata farce. Matata ta miƙo mini kwanon kunu ba ta ce kome ba, shirun nan nata ya fi mini kowane faɗa zafi. Na roƙi gafararta a wannan rana.

Da na riƙa zama, na ga abin da ba a gani daga benci. In aka zuba mata tafarnuwa a faifai, yatsunta kan ɓare ta tsaf, ko da yake bakinta ya manta sunanta. In matan Zumunta suka zo suka tayar da waƙa, takan bi muryar daidai, tana kaɗa kai. In na riƙe hannunta da dare, takan daina kiran inuwar bango ta yi barci. Inna tana nan, a cikin hannuwan nan da muryar nan. Ni ne na juya wa mutum baya ina kallon hoton da na zana a raina. Cikin mu biyu, ni na fi ta zama ɗan kogo.

Ta yi wata goma sha huɗu bayan haka, ta rasu da asuba cikin hunturu, ba ta sāke kiran sunana ba. Watannin da na yi a ƙofar gida ba za su dawo ba, har yau ina jin ciwonsu. Amma da muka sa ta a kabari, na san ba keji muke yarwa ba. Mahaifiyata muke ajiyewa a hannun wanda ya yi alkawarin tashe ta.

Ɗan'uwa, mai yiwuwa kai ba ka taɓa karanta Aflatun ba, amma ka duba ko kana da naka bencin. Wani nasa aikin ikkilisiya ne, wani taron addu'a, wani kuɗin da yake aikawa ƙarshen wata. Duk suna da kyau, sai dai ba sa shafa wa ƙafa mai. In akwai ɗakin da ka daɗe kana wucewa ta ƙofarsa, ka shiga yau. In mace ɗaya ce ke ɗauke da jinyar gidanku, ka karɓi kwanon daga hannunta.

Ya Ubangiji, kai da ba ka ƙyamaci jikinmu ba har ka ɗauke shi, ka gafarta mana inda muka fake da hikima muka guje wa ƙauna. Ka ƙarfafa masu jinya, ka ta'azantar da waɗanda iyayensu suka manta sunayensu, ka riƙe mu cikin begen tashin matattu. Cikin sunan Yesu, amin.