Lagireton da ya ƙi shiga akwati

Shekara 19 ina koyar da kimiyyar fiziks a Yamai, kuma kowace shekara sai na tsaya gaban allo na yi wa ɗalibai bayanin yadda zafi ke barin abu mai zafi ya koma mai sanyi. Amma a watan Afrilun da ya wuce, wannan darasi ne ya kayar da ni a cikin gidana.

Ɗana na fari ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni. Da kuɗin haɗa bidiyon bukukuwa yake sayen takardunsa da man babur. Da bazara ta kama, sai kwamfutarsa ta soma ciwo: da ƙarfe biyu na rana ta yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodi, wani lokaci ta mutu ana tsakar aiki. Ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, takan rage gudu da kanta idan zafinta ya kai digiri 95 zuwa 100, don kada ta ƙone. Ga shi ya karɓi aikin wani aure a Yantala, an ba shi mako biyu.

Ya ce mini, "Baba, mai ruwa nake son in sa mata." Na'ura ce mai sassa uku: ɗan famfo da ke zama a kan furosesa, tiyo biyu, da lagireto mai fankoki, ƙanen wanda ke gaban mota. Ruwa ya kwaso zafi, ya kai shi lagireto, fanka ta hura shi waje. Ana kiran girmansu da lamba: 120 mai fanka ɗaya, 240 mai biyu, 360 mai uku, sai 280 mai manyan fankoki biyu. Shi 240 ya zaɓa. Ni kuwa na ce a'a, a zafin Yamai babba ya fi, ya sayi 360. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Ni nake koyar da wannan abu." Ya yi shiru. Ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano jika 70, kuɗin da ya yi wata huɗu yana tarawa.

Ranar da kaya suka iso, lagireto ya ƙi shiga. Rufin akwatin na 240 ne kawai. A gaba akwai gurbin fanka uku, amma kejin ƙarfe da ake ɗaura faifan ajiya ya tare ƙasan. Sai a lokacin na aro tef ɗin awo na mahaifiyarsa. Ashe lambar 360 faɗin fankoki uku ce kawai. Da tankunan da ke kai da gindi, tsawon ya kusa milimita 400. Kaurinsa 27, fanka ta ƙara 25, kenan ya ci milimita 52 daga cikin akwati. Wannan awo na minti biyar shi ne yaron yake son gaya mini ranar da na toshe masa baki. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma ni na naɗa shi.

Mayar da kaya Kano ba ta taso ba. Washegari muka ɗauki akwatin a babur zuwa kasuwar Katako. Wani maƙeri ya juya shi, ya ce, "Malam, ƙusoshi shida ne suka riƙe kejin." Ya huda su ya zare kejin, ya karɓi jika 2. Muka dawo gida, wannan karon yaron na gaba ina riƙe masa fitila.

Ga abin da na koya a hannunsa, ko zai amfani wani uban ko malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta. Da farko, a irin wannan na'ura da ta zo a rufe akwai ƴar iska a cikin ruwan, kuma iska sama take nema. Saboda haka kada famfo ya zama shi ne mafi tsawo. Kan lagireto ya ɗara shi. In a gaba aka kafa shi, ya fi kyau bakin tiyo ya kalli ƙasa, don iskar ta taru can sama nesa da hanyar ruwa. Na biyu, sukurori iri biyu ne a cikin kwali. Dogayen na ratsa fanka ne. In aka ɗaura su kai tsaye a jikin lagireto, suna iya huda hanyar ruwa. Na uku, akwai ƴar leda a ƙasan famfo, wadda in aka manta ba a ɓare ta ba, zafi ba zai wuce ba. Na huɗu, ga mai son haɗa nasa da kansa: kada ya gama jan ƙarfe da alminiyam a hanyar ruwa ɗaya, domin alminiyam zai ci, kuma ruwan famfo ko na rijiya ba ya shiga, sai tataccen ruwa irin na batir tare da maganinsa.

Muka kunna da ƙarfe uku na rana. Ta tsaya a digiri 88. Ba ta mutu ba, amma yaron ya ɓata rai, don a bidiyon da ya kalla a YouTube wajen 70 ake samu. A nan ne kawai karatuna ya yi rana. Na ce ya dubi ma'aunin zafi da ke bango: 41. Masu waɗancan gwaje-gwaje a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke yi. Lagireto ba ya ƙirƙirar sanyi, miƙa wa iskar ɗaki zafi kawai yake yi, kuma ba zai taɓa sauko da ruwa ƙasa da zafin iskar da ke ratsa shi ba. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi furosesa za ta ƙara. Na nuna masa randar da ke tsakar gida. Ita tana yin gumi, gumin ya bushe ya tafi da zafi, shi ya sa ruwanta ya fi iska sanyi. Lagireto a rufe yake, ba ya gumi.

Sai ya sauya lokacin aiki. Nauyin haɗa bidiyo ya koma bayan sallar asuba, lokacin da gari ya ɗan sarara, kuma a nan takan tsaya wajen 75. Ya ɗaga akwatin daga ƙasa ya ɗora a tebur, ya sa rariyar ƙura a gaba, domin haƙarƙarin lagireto a matse suke, hazon hunturu ɗaya ya isa ya toshe su. Duk Juma'a yana cire rariyar ya kakkaɓe.

Bidiyon Yantala ya makara da kwana uku, dangin amarya suka rage masa jika 10. Da albashi ya fito na kira shi na miƙa masa. Ya ce, "Haba Baba, ka bar shi." Na ce ba kyauta ba ce, bashi ne.

Da aka zo darasin zafi, na roƙe shi ya kawo akwatin ajina. Na ba ɗalibai tef da ma'aunin zafi, na ce kafin kowa ya taɓa alli, su gaya mini wane lagireto zai shiga, kuma digiri nawa za mu samu a wannan ɗaki. Shi ya duba amsoshinsu, ni ina zaune a bencin baya.