Mu Bar Nas Ta Yi Barci

Mun saba cewa ma'aikatan jinya ba su da fara'a, wai sai ka yi magana sau uku kafin a kula ka. Ni dai ina ganin akasari gajiya ce muke kira wulaƙanci.

'Yar ƙanwata nas ce, kuma daga shagona ina hango ƙofar gidansu. In ta yi aikin dare, da safe za ta dawo idanu jajur. Kafin ta kwanta an fara sallama: wannan a duba masa hawan jini, waccan a yi wa ɗanta allura, wani ya kawo takardar magani a karanta masa. Ba ta iya cewa a'a, don duk iyayenta ne.

Na tambaye ta yadda take jurewa. Ta ce: "Kawu, wata rana mutum zai cika a hannunka, ka wanke hannu ka wuce gado na gaba. Kuka sai an tashi aiki." Ta ce abin da ke riƙe su shi ne junansu. Sukan zauna shan shayi su amayar da abin da ke ransu, sukan yi musanyar ranar aiki in wata ta gaza, suna kuma yin adashi. Ita kuwa in ta yi alwala ta yi raka'a biyu sai ta ji ƙirjinta ya sake.

Aikin ne ya fi ƙarfin hannayen. Keffi na bakin babbar hanyar Abuja zuwa Akwanga, in aka yi haɗari, asibitin tarayya na FMC da babban asibitin gari ake nufa. Ga shi masu aikin suna raguwa: a 2024 hukumar kula da nas-nas da ungozoma ta ƙasa ta ce kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi, tana neman a ɗauki ƙarin ma'aikata, a kuma gyara alawus.

Sana'ar nan tana da asali. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Manzon Allah (SAW), a can aka yi jinyar Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Magadanta sun cancanci a tausaya musu.

Albashi na gwamnati ne, amma akwai namu. In ba gaggawa ba ce, kada a buga ƙofar wadda ta kwana aiki sai bayan azahar. In za mu dubiya, kada mu cika ɗaki mu goma. Maigidan da matarsa nas ce ya yi haƙuri da tuwon da ya makara. In an sallame ka kuma, ka koma ka ce sannu da aiki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.