Birnin Mafaka a Bakin Daji

Ranar da 'yata ta fari ta ce tana so ta koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya don digiri na biyu a fannin nazarin laifuka da shari'ar masu laifi, ban ji daɗi ba. Muna zaune a tsakar gida bayan addu'ar dare. Na ce, "'Yata, duk ilimin da ke duniya, sai na ɓarayi da masu kisa kika zaɓa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, kai ka binne mutanen nan. Ni kuwa ina so in san dalilin da ya sa ba mu taɓa ganin wanda ya kashe su a gaban alƙali ba."

Shekara tara na yi ina kiwon wata ƙaramar ikkilisiya ta manoma a ƙasar Birnin Gwari, ba nisa da Dogon Dawa, kan hanyar da ta nufi Funtuwa. A kasuwar Dogon Dawa muke sayar da masara, a can kuma yarinyar nan ta koyi ciniki tana riƙe da zanen mahaifiyarta. Da asubar Lahadi, 14 ga Oktoba 2012, 'yan bindiga suka shiga garin suka kashe mutum wajen ashirin, da dama cikinsu suna fitowa ne daga masallaci. Abin da aka ruwaito a lokacin shi ne, 'yan fashi ne suka zo ramuwa saboda 'yan banga sun takura musu. Maƙwabtanmu ne Musulmi aka kashe, waɗanda muka sha gaisawa da su a bakin rumfa. Bayan haka abin ya yi ta bunƙasa, daga satar shanu zuwa garkuwa da mutane, har ya iso ƙofar majami'armu.

Dole in furta laifina a gabanku, 'yan'uwa. A duk jana'izar da na yi a shekarun nan, wa'azina ɗaya ne: ku gafarta. Gaskiya na faɗa, ban kuwa janye ta ba. Amma wata gwauruwa da aka harbe mijinta a gona ta same ni bayan sujada ta ce, "Fasto, na yafe masa saboda Yesu. To, wa zai tambaye shi abin da ya yi?" Na yi mata addu'a na sallame ta, domin ba ni da amsa. Makarantar tauhidi ta koya mini yadda zunubi ya shigo duniya, ba ta koya mini yadda yake samun gindin zama a ƙauye ba.

Da 'yata ta fara karatu, in ta zo hutu sai ni in zama ɗalibi. Ta ba ni labarin Cesare Beccaria, mutumin Italiya da ya rubuta wani ɗan littafi a kan laifi da horo a 1764. Ra'ayinsa shi ne, tabbacin cewa hukunci zai zo ya fi tsananin hukuncin hana mutum ɓarna. Sai na tuna da dajinmu, daga Kamuku zuwa Kuyambana, wanda ya haɗe da dazuzzukan Zamfara, Katsina da Neja. Wanda ya shige shi ya san da wuya a biyo sawunsa. Manomin da aka sace wa ɗa bai ga kotu ba. Makiyayin da aka kore wa garke, ko aka kashe wa ƙane a kan zato, shi ma bai ga kotu ba. Kowannensu ya zama alƙalin kansa, bindiga ta zama shaida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ya mayar da ni ga Littafin Ƙidaya sura 35, wadda na sha karantawa ban taɓa yin wa'azi a kanta ba. Ubangiji ya umarci Isra'ilawa su keɓe birane shida na mafaka, domin wanda ya kashe mutum ba da gangan ba ya tsere wa mai neman ramuwa, har ya tsaya a gaban jama'a a bincika maganarsa. Ba a yanke wa mutum hukuncin kisa bisa shaidar mutum ɗaya, ba a kuma karɓar kuɗi a bakin ran wanda aka kashe da gangan. Allah ya san zafin zuciyar wanda aka kashe wa ɗan'uwa, shi ya sa ya girka shari'a tsakaninsa da wanda yake zargi. Abin da muka rasa ke nan a Dogon Dawa. Bincike, shaida da kotu ba baƙin abubuwa ba ne ga bangaskiyarmu.

Ta kuma gaya mini game da Howard Zehr, Kirista ɗan ɗarikar Menonayit a Amurka, wanda littafinsa na 1990 ya yaɗa abin da ake kira adalci mai gyara ɓarna. Kotu takan tambayi dokar da aka karya da horon da ya dace. Shi kuwa ya ce a fara da wanda aka cuta, da abin da yake bukata, da wanda gyaran ya rataya a wuyansa. Dokar 2019 da ta mayar da gidajen yarin Najeriya gidajen gyaran hali ta ba irin wannan hanya gurbi. Da na ji haka sai na ce, ai Zakka ke nan na Luka sura 19. Bai tsaya ga cewa ya tuba ba, ya ɗau alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu.

A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Na gode wa Allah, domin wanda ya taɓa bin hanyar nan da rai a hannu ya san darajar isa gida lafiya. Amma tambayar gwauruwar tana nan. Wa zai rubuta sunayen waɗanda aka kashe, manomi da makiyayi, Musulmi da Kirista? Wa zai ƙididdige gonakin da aka sayar don biyan kuɗin fansa? Wa zai kula da yaron da ya girma a daji bai san wata sana'a ba sai bindiga? Wannan aiki yana bukatar masu tsoron Allah waɗanda kuma suka koyi yadda ake yinsa: masu bincike, lauyoyi, jami'an gyaran hali da malaman jami'a.

Saboda haka, iyaye 'yan'uwana, in ɗanku ya ce zai karanci wannan fanni, kada ku tare shi kamar yadda na so in tare tawa. Gane dalilin laifi ba wanke mai laifi ba ne. Likita yana nazarin cuta ne domin yana gāba da ita. Gafara aikin zuciyar wanda aka cuta ne, adalci kuwa bashi ne a kan al'umma, ɗaya ba ya biyan bashin ɗaya.

Da 'yata za ta fara binciken kammala karatunta, gwauruwar nan ta fara nema. Ta nemi izininta, suka zauna a kan tabarma tun daga hantsi har rana ta karkata, tana faɗi ana rubutawa. Da za su rabu, matar ta ce wannan ne karo na fari da wani ya tambaye ta sunan mijinta domin ya rubuta.

Ya Ubangiji, Alƙalin dukan duniya, ka ta'azantar da gwauraye da marayun ƙasar Birnin Gwari. Ka ba masu tuba ƙarfin mayar da abin da suka ƙwace. Ka tayar mana da 'ya'ya masu ilimi da gaskiya, waɗanda za su tsaya tsakanin mai ramuwa da wanda ake zargi. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.