Komawa Gida: Wurno, Rabah Ko Goronyo?

Akwai wata tambaya da ma'aikacin gwamnati kan yi ta ɗage amsarta shekara da shekaru, har ranar da za a miƙo masa takardar barin aiki. Tambayar ita ce, ina zan zauna in na aje aiki? Dokar aiki kuwa ba ta jin kunyar kowa, da zarar mutum ya cika shekara 35 yana aiki, ko shekara 60 da haihuwa, to sai ya tattara nasa ya nasa ya ba na baya wuri. Da yawa daga cikin waɗanda muka tarar a ofis sun yi ta faɗar cewa gida za su koma su kama noma, amma ƙalilan ne suka cika alkawarin. Sauran sun ci gaba da zaman haya a birni, ba su koma garuruwansu ba sai ranar da aka kai su a makara.

Yanzu layi ya zo kaina. Saura mini wata goma sha ɗaya in bar aiki, ina zaune gidan haya a Sakkwato da iyalina, ga kuma garuruwa uku a gabas da Birnin Shehu kowanne yana kirana da irin tasa murya. A Wurno akwai gidan kakannina na wajen uwa, da 'yar fadamar da muka gada ni da ƙannena. A Rabah dangin uwargidana suke, sun kuma ce in dai fili ne na gini ba zai gagara ba. A Goronyo kuwa wani abokina ne tun na makarantar firamare, wanda ya daɗe cikin fataucin albasa da tafarnuwa, yake so in zuba abin da zan samu na sallama mu haɗa jari. Na ga ya dace in baje wannan shawara a gaban mai karatu, domin na san ba ni kaɗai take hana barci ba.

Bari in fara da abin da ke korata daga birni. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, albashi ya zama kamar ruwa a kwando. Kuɗin haya ya tashi, kuɗin mota ya tashi, kwanon gero da shinkafa ba a magana. In albashi cikakke bai kai mu ƙarshen wata ba, ina ga fansho? A birni komai sai an saya, hatta itacen girki da ruwan sha. A Wurno kuwa mutum zai ci shinkafar da ya noma, ya yi miya da albasa da tattasai na fadamarsa, in an yi rasuwa ko suna ya taka da ƙafa ya je. Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. 'Ya'yana sun tashi ba su san 'yan'uwansu ba sai a ranar Salla, ba su san kabarin kakarsu ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ni kuwa na fara ganin alamar haka, don yaran unguwarmu ta Wurno yanzu baƙo suke ce mini.

Waɗannan garuruwa uku ba ƙananan wurare ba ne a tarihin ƙasar nan, ko da yake yau an mai da su saniyar ware. Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, ya mai da ita mazauninsa, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake har gobe. Rabah ita ce mahaifar Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin Sardauna shi ne, bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato, sai a 1934 ya bar birni ya koma Rabah a matsayin hakimi. Ke nan mutumin da ya zama Firimiyan Jihar Arewa, a ƙaramin gari ya koyi sha'anin mulki da zama da talakawa. Duk lokacin da wani abokin aiki ya ce mini komawa ƙauye binne kai ne da rai, wannan nake tuna masa.

Goronyo kuwa ruwa ne arzikinta. Madatsar ruwan da aka gina a kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984 aka kuma buɗe a 1992, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Da ita ake noman rani a kwarin Rima, daga gare ta kuma ake sako ruwan da birnin Sakkwato ke dogaro da shi. Sai dai ruwa abokin tafiya ne mai fuska biyu. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a wannan kwari, har ta yanke hanyar da ke shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2018 kuma sai aka ga akasin haka, ruwan madatsar ya janye har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma. Wanda zai zuba kuɗin sallamarsa a fadama dole ya san cewa shekara guda na iya zuwa masa da ɗayan biyun nan.

Na zauna da abokina na Goronyo mun yi lissafin albasa dalla-dalla. Ana renon iri, a dasa da shigowar sanyi, a yi ta ban-ruwa da inji har wata uku ko huɗu kafin a cire. Injin nan fetur yake sha, ga takin zamani, ga maganin ƙwari, ga 'yan ƙwadago. Lokacin cira kowa ya kawo tasa kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Riba tana wurin wanda ya iya adana ta a rudu har damina ta kankama, a lokacin da take tsada, shi ma in zafi da laima ba su ruɓar masa da rabi ba. Abokina ya ce mini, "Malam, albasa ba ta son mai gaggawa, ba ta kuma son mai kuɗi ƙwaya ɗaya." Na gode masa da wannan gaskiya, domin kuɗina ƙwaya ɗaya ne, in suka tafi ba wani albashi da zai biyo baya. Tun daga ranar na cire Goronyo daga lissafin zama, na bar ta a lissafin ziyara.

To, duk wannan mai sauƙi ne a kan babbar maganar, wato tsaro. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ita ce ke sa in farka da tsakar dare. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka kwarara garin Gandi gudun hijira. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar. Wata guda bayan haka, ranar 17 ga Oktoba, aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasa rayukansu. Ban da waɗannan da duniya ta ji, akwai na yau da kullum da ba sa shiga jarida: harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi noma ko girbi, shanun huɗa da aka kora, da mutanen da aka ɗauke sai an sayar da gona an fanso su. Tsohon ma'aikaci kuwa abin farauta ne, don kowa na zaton ya dawo da buhun kuɗi, kuma ba a rasa mai kai rahoto.

Uwargidana, wadda 'yar Rabah ce, ita ta fi kowa ƙin maganar Rabah. Ta ce, "Malam, ni da na san hanyar nan tun ina yarinya, yanzu in za mu gaida su Inna sai na yi ta addu'a har mu sauka. Ka ce mu kwashe yara mu koma?" Ban sami abin da zan ce mata ba. Ta kuma tuna mini cewa 'yarmu ta biyu saura mata shekara biyu ta gama sakandare, ni kuma ga hawan jini, likitan da ke dubana yana Asibitin Koyarwa a Sakkwato. Ciwo ba ya sallama kafin ya zo, in ya zo da dare kuma, ba kowace hanya ake bi da dare ba a gabashin jihar nan.

Da na kai wa kawuna wannan magana a Wurno, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, mi kaka tsoro? Mu da muka zamna nan, ba mutane ba ne?" Maganar ta yi mini nauyi, domin gaskiya ce. Dubban mutane suna kwana suna tashi a garin, ana kiran salla, ana cin kasuwa a Achida, ana ɗaura aure. Ya ƙara da cewa in duk mai ilmi da ɗan abin hannu ya gudu birni, wa zai tsaya wa makarantar garin, wa zai rubuta wa talakawa takardar koke? Sannan ya tuna mini cewa Wurno tun asali don tsaro aka gina ta. Bello ya kafa ta ne a bakin daga, ya zaunar da malamai da manoma da masu sana'a, ya kuma zauna tare da su. Daga baya na koma littattafai na ga haka abin yake. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, shekara guda kafin rasuwar Bello, kuma ko a 1853 da Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Wurno, ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba cikin shirin yaƙi da Gobirawa.

Amma na ce wa kawu, cikin ladabi, akwai bambanci. A wancan zamani yaƙi ne tsakanin sarauta da sarauta, garin yana da ganuwa, kuma shugaban da kansa yana kwana a cikinta, abin da ya sami talaka ya same shi. Yau jikokin waɗanda suka yi yaƙin, Gobirawa da Fulani da sauransu, duk wuta ɗaya ke cin su, masu iko kuwa suna nesa. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Wannan kuma gaskiya ta." Muka rabu a kan cewa shi yana da hujja, ni ma ina da tawa.

Bayan na auna duka, ga inda na tsaya. Ba zan kwashe iyali ba tukuna, za su ci gaba da zama a Sakkwato har yarinyar nan ta gama makaranta. Ni kuwa zan gyara ɗaki biyu a gidanmu na Wurno, gyara na talaka wanda ba zai ja ido ba. In kaka ta yi zan tafi in kama noman rani a fadamarmu tare da ƙannena, rabi shinkafa rabi albasa, da kuɗin da ko sun salwanta ba za su kai mu ƙasa ba. Tafiyar ba ta fi ta awa guda a mota ba, zan riƙa zuwa da rana ina komowa da rana. Na kuma yi wa shugaban wata makarantar firamare ta garin alkawarin zan riƙa taimaka wa 'yan aji shida da Turanci da lissafi kwana biyu a mako, ba tare da an biya ni ba. In shekara biyu ta wuce muka ga hanya ta yi lafiya, manoman ƙauyukan gabas sun koma gonakinsu ba tare da biyan haraji ga 'yan daji ba, to sai mu ɗauko sauran kaya.

Wani zai ce wannan rabin shawara ce, ƙafa ɗaya a birni ɗaya a gida. Na yarda, amma da iyalin mutum da abin da ya tara a shekara 35 ba a yin kasada, sannu kuma ba ta hana zuwa. Abin da nake roƙo shi ne Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu a Gandi da Goronyo da sauran wurare, Ya mai da 'yan gudun hijira gidajensu, mu kuma da ke tsakanin tafiya da zama Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, amin.