Tallafi Ko Rance?

Tun ina makarantar sakandare a Malumfashi aka san ni a ƙauyenmu da karanta takarda. Duk wanda aka aiko wa wasiƙa daga ofis, ko aka ba shi takardar asibiti, zaurenmu yakan nufo, ni kuwa in karɓa in duba sama-sama in zuba masa Hausa, ya yi godiya ya tafi. Ban san akwai ranar da wannan alfahari zai taɓa gonar gidanmu ba, sai a bazarar 2019.

Wata ƙungiya ce ta zo tana rubuta sunayen manoman masara, za ta ba kowa iri da taki da maganin ciyawa. Mahaifina ya dawo da takarda mai shafi biyu, ya miƙo mini ya ce, "Ɗan boko, duba mana, me suka ce?" A saman takardar an rubuta "support" da manyan baƙaƙe, can ƙasa kuma cikin ƙananan rubutu akwai "input loan". Duka biyun na gan su. Amma da yake kunnena ya saba jin ana kiran duk abin da ya fito daga hannun hukuma zuwa hannun talaka da suna ɗaya, sai na ce, "Baba, tallafi ne." Ya ce, "Ba biya ke nan?" Na ce, "Ai tallafi ba a biyansa." Ya dangwala yatsa.

To, bari mai karatu ya ga inda na yi tuntuɓe. Akwai kalmomi uku na Turanci waɗanda kullum suna tafe tare a takardun aikin gona, har mutum ya ɗauka 'yan ɗaki ɗaya ne, alhali kowacce da inda ta dosa. Ita "grant" kyauta ce da aka bayar domin wani aiki, ba a jiran ta dawo. Ita "subsidy" kuwa rangwame ce, wato wani ya biya maka sashen kuɗin kaya, kai ka cika sauran daga aljihunka, ciniki ya ƙare nan take. Amma "loan" tana da igiya a wuya, komai daɗewa sai mai ita ya jawo abinsa, sau da yawa har da ƙari. Sa'an nan ga "support", wadda ba ta ɗaure kanta da ko ɗaya, rumfa ce kawai da dukkansu ke fakewa ƙarƙashinta. Masu rubuta takarda sun san haka, shi ya sa suke son ta a sama.

Mu kuma masu fassara sai muka tattara huɗun muka zuba cikin ƙwarya ɗaya. Ko a 2023, da aka janye rangwamen kuɗin man fetur, cewa aka yi an cire tallafi, shinkafar da aka raba don rage raɗaɗin cirewar ita ma tallafi aka kira ta.

Wannan ruɗani yana da tarihi a ƙasarmu. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa, tare da na Gusau da na Gombe, lokacin ko Jihar Katsina ba a yi ba, don sai 1987 aka yanke ta daga Kaduna. Mahaifina yana yaro a lokacin, amma har yau yana ba da labarin yadda kakanmu ke sayo takin zamani da araha a ɗora wa jaki. Abin da kakanmu ya samu "subsidy" ne. Kuɗin da aka kafa shirin da su kuwa, akwai "loan" na Bankin Duniya a ciki, ƙasa ce ta ci bashin, manomi bai gani ba. Tun daga nan jama'a suka riƙe cewa takin da ya zo da takarda da hatimi alheri ne daga sama. A kan wannan tsohuwar fahimta na ɗora tawa kalmar.

Kaka ta yi, masara ta yi kyau. Baba ya kai mafi yawanta kasuwar Funtuwa ya sayar, aka yi wa yayata kayan ɗaki. Bayan biki da mako biyu sai ga mutanen da mota, sun zo karɓar buhunansu. Ba su yi ƙarya ba, takardar na hannunsu, yatsan Baba na kanta. Sai da ya jinginar da gonarmu ta bakin rafi kafin ya sallame su.

Bai zage ni ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Da dare bayan lisha ya kira ni ya ce in sake karanta masa takardar, kalma bayan kalma. Da na zo kan "input loan" na bayyana masa cewa kaya ne a ba ka da bazara ka biya da amfanin gona da kaka, sai ya yi shiru, can ya ce, "Ashe falle ne. Da ka ce mini falle, ai da na san abin da na ɗauka."

Nan na gane ashe Hausar ce ban sani ba. Manomin da bai taɓa shiga aji ba yana rarrabe abubuwan da Turanci kansa yake haɗawa. In ka karɓi garmar maƙwabci ko jakinsa, aro ne, shi wannan abin za ka mayar. In kuɗi ne ko tiyar dawa, rance ne, kwatankwacinsa za ka biya. Bature duka "borrow" zai ce, bai damu ba, ko da yake Bargery ya lura da bambancin ya sa shi a ƙamusunsa na 1934. Ga bashi, ga lamuni, ga jingina, ga kuma falle, wanda dattawa ke gudu don sun san yadda yake cinye rumbu tun hatsi bai shiga ba. Har wani masani, Paul Clough, ya zauna a Marmara ta ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970 yana nazarin irin wannan hulɗa ta bashi tsakanin manoma. Shi ya taso daga wata duniya ya koya, ni da aka haifa a ciki na tsallake ta na ɗauko kalmar rediyo.

Da na zo jami'a aka tambaye mu a darasin fassara abin da ya kawo kowa sashen Hausa, na ce sha'awa. Ban faɗi ta bakin rafi ba.

Mun fanshi gonar a kakar 2022. Har yanzu in na je hutu Baba yakan miƙo mini takarda in an kawo, ya saurare ni har in gama, ya ce madalla. Sa'an nan ya kira ƙanwata da ke aji biyar na sakandare, ya ce ita ma ta karanta.