Abin da Ganyen Alkama Ya Koya Mana a Hanyar Yalwan Damai

Wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Wudil, hanya za ta kai shi Birnin Kudu. A nan muka saki babban titi, muka nufi Yalwan Damai a kudancin Jihar Jigawa. Watan Janairu ne, hunturu yana busawa. An riga an kwashe gero da dawa da gyaɗa, ba inda ido yake samun kore sai a fadama.

Alkama 'yar sanyi ce. Akan shuka ta a Nuwamba, a girbe wajen Maris kafin zafin bazara. Manyan gonakinta a Jigawa suna kwarin Haɗeja, inda aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa a Nuwamba 2023. Amma mu a wata 'yar fadama ta bakin hanya muka tsaya. Gonaki biyu ne dab da juna, iri ɗaya, ruwa ɗaya. Ɗaya kore shar, ɗayar kuwa ganyenta na ƙasa ya koma ruwan ɗorawa.

Me ya kawo haka? Ganye shi ne madafar tsiro. A cikinsa ake haɗa hasken rana da ruwa da iska su zama abinci, koren nan kuwa ba ya samuwa sai da sinadarin naitirojin. In ya yi ƙaranci, sai tsiro ya janye shi daga tsofaffin ganye ya ba sababbi. Girma ya tsaya, zangarniya ta fito ƙarama.

Masu gonakin duka sun sa yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Mai gonar da ta ƙanjame ya watsa tasa gaba ɗaya a bisa ƙasa, bai rufe ba, wani kashi ya bi iska. Maƙwabcinsa kuwa ya fara zuba takin dabbobi, wanda yake sakin amfaninsa sannu a hankali. Sa'an nan ya raba takin zamani biyu, rabi a lokacin shuka, rabi bayan mako huɗu, yana bi da ban-ruwa nan da nan.

To, mai karatu, taki ya yi tsada, kada ka ciyar da iska. Kada kuma ka zarce kima, gama alkamar da ta ƙoshi da yawa takan kwanta. In kana da hali, sa wake ko gyaɗa a gonar da damina, domin saiwarsu takan tara naitirojin daga iska.